Inda Kwatar Kubra Ta Nufa

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen rigar sanyi a wurin Hajiya Kubra a kasuwar Taminus ta Jos ya san da abu biyu yake komawa gida, suwaita da wa'azi. Wa'azin kyauta ne, kuma ba a tambayarka ko kana so. Shekara ashirin da shida tana fasa dilar gwanjo a bakin tsohuwar kasuwa, tun kafin gobarar da ta cinye ta, har bayan gobara da aka koma shimfiɗa kaya a gefen titi. Idan kuwa akwai mutumin da ya ga sanyin Jos yana janyewa da idonsa, to ita ce, don a kan teburinta abin yake nunawa.

"Muna yara," in ji ta, tana miƙa wa mai saye suwaita, "man gyaɗa daskarewa yake yi a kwalba. Babanmu in zai fita aikin kuza da safe, hayaƙi ne ke fita daga bakinsa. Yanzu fa? Fanka ake kunnawa a Jos. Fanka, bawan Allah. Ga sauro ya samu wurin zama. Wannan shi ake kira sauyin yanayi."

Sunan ta samo shi ne a wani taro da wata ƙungiya ta yi wa matan kasuwa. Sauran matan sun je, sun sha lemo, sun manta. Kubra ta dawo da maganar a ƙirjinta kamar wadda aka ba amana, kuma a faɗi gaskiya, ba a baki kawai ta tsaya ba. Ta daina girki da gawayi ta sayi tukunyar gas. Ta dasa bishiyar fiya biyu a tsakar gida. Mai gawayin layinsu in ya hango ta tun daga nesa yake sauya hanya. Ta san sunayen ƙasashen da hayaƙin masana'antunsu ya ɓata sama, kuma tana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar matan da suka yi mata gulma.

Mutum ɗaya ne wa'azin bai taɓa kamawa ba, shi ne maƙwabcin teburinta, Sylvanus, mai sayar da lema da takalman ruwa. Dattijo ne siriri mai furfura, haihuwar Jos, Hausarsa ba ta da tangarɗa. Kubra na kiransa Baban Adanna, shi kuma yana ce mata Hajiya.

"Ni ban ga abin da ya canja ba, Hajiya," yakan ce. "Ruwa ya zo, ruwa ya tafi. Bana zafi, baɗi sanyi. Allah ne mai sama, ba mutanen China ba."

"Kai dai ba ka da kunne."

"Ina da shi. Kin cika shi ne."

Abin da ya fi ba ta dariya game da shi, da zarar hadari ya haɗo daga gabas, a daidai lokacin da kowa ke neman lema, sai Sylvanus ya rufe kayansa da tamfol, ya ce mata ta sa masa ido, ya kama hanyar gida da sauri. Shekara da shekaru haka yake yi. Ta sa masa suna mai lema mai tsoron ruwa, kuma sunan ya bi layin gaba ɗaya. Bai taɓa musawa ba.

To a bana tsoron ruwa ya zo wa Kubra har gida. 'Yarta Hussaina ta haihu, kwana biyar ke nan, ɗiya mace. Hussaina ita kaɗai ce ta rage mata. Hassana ba ta cika kwana arba'in a duniya ba, kuma Kubra ba ta son a ɗauko wannan zancen. Mijin Hussaina, Abdulfatah, direban Keke Napep ne, yaro mai ladabi, amma da rani ya kama haya a can ƙasan unguwa, a cikin kwari, dab da wani kwalbati da ke ratsa ƙarƙashin titi. Sylvanus ne ma ya samo masa gidan, don ƙofarsu na kallon tasa.

Tun ranar da Kubra ta fara ganin gidan hankalinta bai kwanta ba. Ta ga yadda ƙasa ta gangaro ta kowane gefe ta taru a nan. Ta ce wa Abdulfatah ruwan yanzu ba irin na da ba ne, yakan yi jinkiri sannan ya zubo na wata guda a yini ɗaya, an faɗa musu a taro. Ya ce in sha Allahu, Umma. Ta ce a kawo mata Hussaina ta haihu a gabanta. Ya ce danginsa sun fi son a yi suna a ɗakinsa, amma washegarin suna da kansa zai kawo su, su yi wankan jego a wurinta har arba'in. A haka aka tsaya. Kwana uku ne suka rage, kuma Kubra ba ta roƙon komai a sallarta sai ruwa ya jira kwana ukun nan.

Gidanta yana can saman tudu a Jos Jarawa, cikin duwatsu, inda mota ba ta kaiwa. In za ta je wurin Hussaina, takan sauka bakin titi ta hau Keke, a zagaye tudun gaba ɗaya a shigo kwarin ta ɗaya gefen. A ranta gidajen biyu nesa suke da juna.

Ranar Laraba ba ta fita kasuwa ba. Ta zauna gyaran ɗakin da mai jego za ta sauka, wanda shi ne ɗakin da take jibge tarkacen sana'a. Kowace dila tana zuwa ne a naɗe cikin farin buhu mai kauri, dillali ya rubuta sunan mai ita da jan fenti don kada a ruɗe a wurin sauke kaya: KUBRA TAMINUS. Da wuƙa ake farke buhun daga sama har ƙasa, saboda haka ba ya sake ɗaukar komai. Ta fito da su tun na bara, da igiyoyin roba, da ledoji, da tsummokaran da suka ƙi sayuwa. Ta share, ta goge, ta yi turare, ta shimfiɗa sabon zanin gado. Ta zaɓo wata 'yar suwaita ruwan ƙwai mai laushi ta ajiye a kan matashi. Da ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗakin, daɗi ya cika ta har ta yi dariya ita kaɗai. Sharar kuwa ta yi tudu a tsakar gida.

Bayan azahar iska ta juya. Ganyen fiya ya fara kaɗawa, sama ta gabas ta yi baƙi ƙirin daga kan duwatsun Shere, ƙanshin ƙasa ya iso tun kafin ɗigon farko. Kubra ta koma ɗaki da sauri. Ta ɗauki waya ta kira Hussaina, Hussaina ta ce lafiya lau suke, yarinya tana barci, Abdulfatah ya kai fasinja Kabong. Kubra ta ce wa kanta ruwan farko ne, yayyafi zai yi ya wuce.

Sai ga muryar Magadaliya maƙwabciyarta ta kan katanga.

"Maman Hussaina, ruwa ya zo fa. Ki fito da shararki."

A nan ne ya kamata in tsaya in yi bayani, don kada wani ya ce Kubra muguwa ce. A saman tudun nan motar shara ba ta zuwa, ba ta taɓa zuwa ba. Abin da kowa ya tashi ya tarar shi ne, a tara shara a bayan ɗaki, in ruwa ya sauko kwata ta cika, sai a fito a juye a ciki, ruwa ya tafi da ita. Haka uwar Kubra ta yi, haka kakarta ta yi tun zamanin kuza, lokacin da shara toka ce da ɓawon dankali da ganyen ƙunshin goro. Sharar ta canja, hannun da ke juyewa bai canja ba. Ba wanda ke kallon wannan a matsayin laifi. Tsafta ake kiransa, kuma macen da ruwa ya ɗauke ya bar ta da bola a gida ita ce ƙazama.

Saboda haka Kubra, wadda ta san hayaƙin duniya ƙasa bayan ƙasa, ta ɗaura zani a ƙirji ta shiga jido. Layin duk ya fito, mata da kwanduna, ana gaisawa cikin yayyafi ana dariya. Sau bakwai ta kai ta komo. Na ƙarshe shi ne buhun babbar dila, wanda ya fi tabarma faɗi. Ta jefa shi, ruwan kwata ya buɗe shi ya shimfiɗe, jan rubutun yana sama, ya lanƙwasa bayan gidan Magadaliya ya ɓace. Ta wanke hannunta a bakin indararo, ta ce alhamdu lillahi, gida ya yi fes.

Ba ta gama shiga ɗaki ba wani abu ya bugi kwanon rufi, kamar an jefo tsakuwa. Sai na biyu. Sai sama ta buɗe gaba ɗaya.

Ƙanƙara ce. Kubra ta sha ganin ƙanƙara a Jos, amma rabonta da irin wannan tun tana 'yar shekara tara. Ƙarar a kan kwano ta kai inda ko tunaninka ba ka ji. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa motsi. Farare ne tas, wasu kamar gujiya, wasu sun kai ƙwan zabo, suna dukan ƙasa suna tsalle. Kafin ta gama karanta abin da ya zo bakinta, tsakar gidan ta koma fara. Ganyen fiya ya zube kore a kan farin. Duwatsun da ke bayan gida, waɗanda ta saba gani baƙaƙe tun tana yarinya, suka yi fari daga sama har ƙasa, wani hayaƙi mai sanyi yana tashi daga jikinsu. Ta buɗe baki ta ce subhanallahi, sai ta ga hayaƙi ya fita daga bakinta irin na babanta. Hawaye ya zo mata. Tsoro ne da wani abu da ya fi tsoro girma, ta ji ta zama 'yar mitsitsiya a tsakiyar ikon Allah.

Ƙanƙarar ta tsaya kamar an yanke, ruwa ya karɓa. Shi kuma ba sauka yake yi ba, zuba yake yi. Nan ne Hussaina ta faɗo mata a rai da ƙarfi. Ta kira waya, ba ta shiga. Ta sake, ba ta shiga. Ta zura hijabi, ta cusa 'yar suwaitar nan a cikin rigarta ba tare da ta san dalili ba, ta fita.

Daga ƙofar gida ta hango bakin titi a ƙasa, babu Keke ko ɗaya, titin ma ya koma rafi. Magadaliya ta leƙo daga zaurenta tana ɗaga murya don ruwa.

"In ƙasa za ki, bi gefen kwatar nan ta bayan gidana. Yara suna bi. Ba ta da nisa."

"Wace ƙasa?"

"Kwari mana. Ai can take zuwa."

Kubra ta tsaya tana kallonta. Shekara talatin kwatar nan tana wucewa ta ƙofarta, ba ta taɓa tambayar inda ta nufa ba. Iyakarta da ita kwanar gidan Magadaliya. Ba lokacin tunani ba ne, ta lanƙwasa kwanar.

Bayan gidajen wata duniya ce da ba ta sani ba. Kwatar ta bar siminti ta shiga tsakanin duwatsu, wata ta haɗu da ita daga dama, wata daga hagu, kowace da kayanta. Ruwa yana fitowa daga tsagar kowane dutse, yana faɗowa fari daga saman wani ya daki wani, ƙanƙara tana yawo a kai. Ƙarar tana shiga har ƙashin ƙirji. Tudun nan da take zaune a kansa tun aurenta, ashe gaba ɗayansa ruwa yake tattarawa yana turawa wuri ɗaya. Tana dafa dutse tana sauka, silifas ɗaya ya tafi ta bar masa ɗayan. A gefenta sharar unguwa ce ke gudu, ledojin ruwa, robobin lemo, tsohon takalmi, kwandon da ya kuɓuce wa wata. A jikin wani reshe ta ga hannun suwaita shuɗiya yana lilo. Ta gane ta. Da safen nan ta ɗaga ta, ta ga asu ya cinye gaban, ta jefa kan tudun shara. Ta kau da kai ta ƙara sauri.

Tafiyar da take yi a Keke ta minti ashirin, ba ta kai minti bakwai ba a ƙafa. Ta fito daga tsakanin duwatsu biyu sai ga ta a kan wani falalen dutse, rufin gidan Hussaina a ƙasa da ƙafarta.

Kwarin ya zama tafki. Ruwa ja, ƙanƙara da shara suna juyawa a kai a hankali, kuma ba ya tafiya ko'ina. Kwalbatin ya toshe. Titin da ke samansa ya zama bango, duk abin da tudu ya aiko yana taruwa a nan yana hawa. Kubra ta zame ta bayan gidan inda ƙasa ta ɗan fi tudu, ruwa iya gwiwa, sanyinsa kamar yankan wuƙa, ta kama ƙarfen taga.

Hussaina tana tsaye a kan gado, jaririya a ƙirjinta cikin zani. Ruwa ya rufe ledar ɗaki amma bai kai ƙafar gado rabi ba.

"Umma, ta ina kika zo?"

"Ki bar wannan. Kina lafiya? Tana numfashi?"

"Lafiya take. Baban Adanna ya jera mana buhunan ƙasa a ƙofa tun ruwa bai sauko ba, su suka tare. Amma ya ce in ruwan ya haura su, shi ke nan. Ya ce kada in fito, ruwan waje ya kai ƙugu."

Kubra ta zaro suwaitar daga rigarta, ta tura ta tsakanin ƙarafan taga. Suwaitar ta ɗan jiƙe a gefe ɗaya. Ta ce a rufa wa yarinya. Sannan ta zagaya gaban gidan tana bin bango.

A can ta gan shi. Sylvanus, mai lema mai tsoron ruwa, yana tsaye a cikin ruwan har ƙirji, dab da inda bakin kwalbatin ya nutse. Babu riga a jikinsa. An ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin an naɗe ta a jikin wani mangwaro, matarsa Nneamaka da wasu mata biyu suna riƙe. A hannunsa rodi ne dogo da aka lanƙwasa bakinsa ya zama ƙugiya. Yakan tura shi ƙasa, ya laluba, ya jawo, ya watsar da abin da ya kamo a kan titi, ya sake turawa. Ba gaggawa a motsinsa. Mutum ne da ya san wurin kamar ɗakinsa, ya san inda zai sa ƙafa ba tare da ya gani ba. Ƙanƙara tana taruwa a jikin haƙarƙarinsa, leɓensa ya yi toka.

Kubra ta kama igiyar a bayan Nneamaka.

"Kullum haka yake yi?" ta tambaya.

"Shekara goma sha tara," in ji Nneamaka ba tare da ta waiwayo ba. "Yakan zo ya share kafin ruwa ya sauko. Yau ya share, amma abin da ya gangaro ya fi ƙarfinsa."

Kubra ta waiga ƙofar Hussaina. Buhunan ba a ganinsu, sai layin samansu kawai, ruwa yana lasar bakin. Bai fi faɗin yatsa uku ya rage ba. Ta waiga ɗaya gefen, ƙofar Sylvanus a buɗe, babu buhu ko ɗaya a gabanta, ruwa yana shiga yana fita yadda ya ga dama, wata kujerar roba tana yawo a tsakar ɗakin.

"Akwai wani babba a ƙasa," Sylvanus ya ɗaga murya. "Ya rufe bakin duka. Ku riƙe da kyau."

Ya ja numfashi ya nutse. Ruwan ya rufe furfurarsa. Kubra ta naɗe igiyar a hannunta har ta ci fata, tana kiran sunayen Allah a bayyane, Nneamaka tana kiran nata a gabanta, ba wadda ta ji na wata ya dame ta. Ya ɗago, ya yi tari, ya sake nutsewa. A karo na uku ya ɗago da rodin a hannu biyu, ya jingina baya da dukkan nauyinsa. Wani farin abu ya fara fitowa, kusurwa ɗaya, sannan rabi.

Sai ƙasa ta yi gurnani. Kubra ta ji shi a tafin ƙafarta kafin kunnenta ya ji. Tafkin gaba ɗaya ya karkata ya nufi wuri ɗaya, wani rami ya buɗe a tsakiyar ruwan yana juyawa, yana haɗiye robobi da ƙanƙara da rassa. Igiyar ta miƙe ta fizge su gaba. Ƙafafun Sylvanus suka bar ƙasa. Mata huɗu suka zube a baya suna ja, mangwaron yana kaɗawa, har suka jawo shi kan gangaren titi kamar buhun hatsi. Bai saki rodin ba, farin abin yana maƙale a ƙugiyar. A ɗaya gefen titin ruwan yana fita da ƙarar da ta sa mutane suka fito daga gidaje suka tsaya shiru suna kallo.

Ruwan sama ya sassauta ya koma yayyafi. Rana ta leƙo ta ƙasan hadarin, ta bugi duwatsun tudu, kowane dutse yana sheƙi, ƙanƙarar da ta maƙale a tsagogi tana walƙiya. Tafkin yana sauka a gaban ido, yana barin layi a jikin bango. Kubra tana zaune a cikin taɓo, hannunta yana jini ba ta sani ba. Ta ji kukan jaririyar daga ɗaki, kuka mai ƙarfi na mai jin yunwa, kuma ba ta taɓa jin sautin da ya yi mata daɗi kamarsa ba.

Ta miƙe ta nufi ƙofar. Ruwan ya sauka daga layin buhunan na sama, ya bar shi a fili. Fararen buhuna ne masu kauri, an ɗinke farkewar kowanne da basilla, ɗinki mai kyau, an cika da ƙasa. A jikin na farko akwai jan fenti. KUBRA TAMINUS. Na kusa da shi ma haka. Ruwan ya ƙara sauka, layi na biyu ya fito, sannan na uku. Wasu jan ya koɗe ya koma ruwan hoda, wasu rubutun wani dillali ne da ya rasu shekara goma da suka wuce. Daga wannan kusurwar gidan 'yarta har waccan, sunanta ne a jere.

Ta daɗe a tsaye. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta kasa shiga ɗakin da ta keto tudu don ta shiga.

Sylvanus ya taho a hankali, Nneamaka ta yafa masa bargo, haƙoransa suna haɗuwa. Ya tsaya a gefenta, shi ma yana kallon buhunan.

"Kullum ina juya rubutun ciki," ya ce. "Yau sauri ya hana ni. Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Ni ce zan yi haƙuri?" in ji Kubra. "Shekara nawa kana sane, Baban Adanna?"

"Tun buhu na farko da na tsamo a kwalbatin. Buhunanki suna da kyau, ba sa ruɓewa."

"Kuma kullum muna zaune wuri ɗaya. Ina ce maka matsoraci a gaban mutane. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ɗan yi murmushi da leɓensa mai rawa.

"Na so, sau da yawa. In na buɗe baki sai in tarar kina China. Kuma ba ke kaɗai ba ce, tudun ne duka. Naki ne dai kawai yake zuwa da suna."

"Ka kwashe na ƙofarka ka kawo nan."

"Mu manya ne, mun iya hawa tebur."

Ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da ke sheƙi, ya daɗe yana kallo.

"Amma wannan ruwan na yau, Hajiya, ban taɓa ganin irinsa ba. Wataƙila kina da gaskiya."

Shekara nawa tana jiran wannan magana daga bakinsa, ga ta ta zo, kuma ba ta ji daɗinta ko kaɗan ba. Ta shiga ɗaki. Hussaina ta zauna a bakin gado tana ba da nono, yarinyar a cikin suwaita ruwan ƙwai da ta yi mata yawa, hannayen sun wuce yatsunta. Kubra ta durƙusa a cikin sauran ruwan, ta sa tafinta a kan ɗan kan mai ɗumi. Hussaina ta tambaye ta me ya samu hannunta. Ta ce igiya ce.

Da ta fito, Sylvanus ya cire farin abin daga ƙugiyar ya shimfiɗa shi a kan titi. Buhun babbar dila ne, wanda ya fi tabarma faɗi, jan fentinsa sabo fil, ko taɓo bai rufe shi ba. Ya fara ninke shi kamar yadda ya saba, sai ya tsaya ya dube ta.

"Wannan na yau ne. In ɗinke shi, ko za ki tafi da abinki?"

Kubra ta karɓa. Ya sha ruwa ya yi nauyi. Ta ninke shi huɗu, rubutun a waje, ta ɗora a ka. Abdulfatah ya iso a lokacin da Kekensa, a ruɗe, ya ce Umma ki hau in kai ki ta titi. Ta ce ya shiga wurin matarsa, ita ta san hanya. Ta hau falalen dutsen ba takalmi, ta kama gefen kwata, ruwan buhun yana ɗiga a bayan wuyanta, ta nufi sama inda mata ke tsaye a ƙofofinsu da kwandunan da ba kowa a ciki.